Wayar Tebur ta Kawu Ɗan Asabe

Baba, Malam Tukur, ya rasu ranar Alhamis da hantsi, a cikin watan nan da gwamnati ta rufe layukan waya a Zamfara saboda ɓarayin daji. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Shinkafarsa ta fara sunkuyar da kai a fadamar Bakolori, bai tsaya ya ga yankanta ba. Muka kai shi kafin la'asar, ƙasa tana ƙamshin ruwan da aka yi da asuba, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Kowa a Talata Mafara ya ji, sai mutum ɗaya: yayata, Adda Zulaihat, da ke aure a Minna. Ita ce 'yar fari, kuma duk cikinmu ita Baba ya fi ji da ita. Inna ba ta faɗin sunanta saboda kunya, sai dai ta ce 'yar Minna. Abu ɗaya ta roƙa daga cikin ɗakin takaba: a sanar da 'yar Minna, ta zo a yi addu'ar bakwai da ita ranar Laraba.

A lokacin dabara ɗaya ce ta rage wa mutane. Ka rubuta lamba da saƙo a takarda, ka ba direban da zai tafi Sakkwato, in ya shiga inda sabis yake sai ya kira a madadinka. Ni ba halin in tafi, ni kaɗai ne ɗa namiji, ni ke zaman karɓar gaisuwa. Na yagi takarda na rubuta lambar mijin Adda, na miƙa wa Lawal direba da ya zo ta'aziyya. Kafin Lawal ya karɓa wani hannu ya riga shi.

Kawu Ɗan Asabe ne, ƙanen Inna. Ya yi gyaran rediyo, ya yi dillancin injin ban ruwa, ya taɓa kafa laima a tasha lokacin da waya ta fara shigowa, ana zuwa ana kira a wurinsa. Tun daga nan ya sa wa kansa Injiniya, kuma har yau shi kaɗai ke kiran kansa haka.

"Imrana," ya ce, "kai ba ka da manya? Mutuwar uba ce za a ji a bakin direba, tsakanin lodi da shan mai? Lawal, ba raini ba."

"Ba komai, Injiniya," in ji Lawal. Ya ga ranar makoki ce, ya yi masa kara.

"Labarin mutuwa babba ke kai shi. A fara da miji, a yi gaisuwa, a tambayi ruwa, a tambayi yara, a ce jikin ya yi tsanani, sannan a sauke maganar sannu a hankali. Ni zan gaya wa ɗiyata da bakina."

"Da wane layi, Kawu?"

Ya ninke takardar ya tura cikin hula. "Gobe ka gani."

Washegari bayan sallar Juma'a ya iso da ƙunshi a tsohon zane, ya ajiye tsakiyar masu gaisuwa, ya kwance a hankali kamar mai buɗe jariri. Wayar tebur ce, irin mai igiya murɗaɗɗiya da manyan lambobi, fara ce a da, yanzu ta koma kalar kunun tsamiya. Ba ta da igiyar da ke zuwa turke, sai 'yar eriya a gefe kamar ɗan yatsa. Ita ce ta zamanin laima.

Dikko mahauci, maƙwabcinmu kuma aminin Baba, ya leƙo. "Ɗan Asabe, mi wanga? Sikeli?"

"Jahilci dai bai yi ba. Dikko, mi gwamnati ta rufe?"

"Waya."

"Wace iri? Wayar hannu. To wagga a hannu take? A tebur take. Hukumar sadarwa can Abuja littafi biyu gare ta: na wayar yawo daban, na wayar zaune daban. Ɓarayi da wayar yawo suke aiki, ita aka rufe. Ka taɓa ganin ɓarawo ya shiga daji ɗauke da tebur?"

Wasu dattawa suka gyaɗa kai. Maganar ta yi kama da gaskiya.

"Ga lasisina," ya ce, ya zaro wata takarda mai hatimin zinariya, duk Turanci, ya nuna ta daga nesa ya mayar aljihu. "Duk ƙasar Mafara da Bakura da Maradun, mutum ɗaya doka ta bari ya yi kira yau, kuma shina zaune gabanku."

Ya danna. Shiru. Ya girgiza ta, ya busa, ya buga mata tafi a gindi. Shiru. Sai aka aro batirin mota a shagon mai cajin waya, wanda tun da aka rufe layi ba abin da yake yi sai korar ƙuda. Kawu ya haɗa wayoyi biyu, ja da baƙi, ya bar ta ta sha.

Liman ya iso da jama'arsa, aka ɗaga hannu. Ana tsakiyar Fatiha, wayar ta farka. Wani kiɗa ta saki, irin na keken mai askirim, da ƙarfi, har sau biyu. Liman ya buɗe ido ɗaya. Wani tsoho da ya taho daga Garbadu ya shafa tun ba a kai amin ba, ya jawo takalmansa kusa.

"Gaisuwa take yi," in ji Kawu cikin raɗa. "Ta san gidan rasuwa ne."

Fuskar wayar ta kawo wani koren haske da rubutu. Ni a aji uku na bar makaranta, amma na iya haɗa wannan. Na ce, "Kawu, ta ce tana neman layi."

"Ka ji ko? Nema take. Da rufe ta aka yi, da ta nema?"

Ta nema har magariba.

Ranar Asabar, ranar sadakar uku, Kawu ya gano matsalar: ƙasa ta yi mata yawa. Ya ɗaure gora biyu baki da baki, ya ƙulla murfin tukunyar Inna a ƙoli, ya ja waya daga murfin har zuwa 'yar eriyar. Ita wayar aka ɗora ta bisa turmi a cikin zaure, inda malamai ke zaune gaban masa da kunu. Shi kuma ya kafa tsani zai hau soron zauren.

"Ɗan Asabe," in ji Dikko, "soron ga ya sha ruwa tun farkon damina. Marigayi da kansa ya ce ko kaza ba ya son ta hau."

"Kaza ba ta san inda azara take ba. Ni na sani. Kai dai tsaya gaban waya, in ka ga sandar sabis ta fito ka yi magana."

Muka ji takunsa a sama, ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan cikin rawunan malamai.

"Ta kama?"

"Tana nema!"

"Yanzu fa? Na juya gabas!"

"Tana nema!"

"Na fuskanci Abuja!"

"Ɗan Asabe, ko Makka ka fuskanta nema take!"

Sai muka ji wani ɓurum. Ƙafar Kawu ta ɓullo ta rufin zaure har cinya, tana lilo daidai saman kan liman. Takalmin ya yi jinkiri kaɗan, kamar yana shawara, sannan ya faɗa cikin ƙwaryar kunu. Gorar kuwa ta kwanta ta kan katanga ta sauka a gadon kilishin Dikko da ke shanya. Shirwa uku da suka kwana biyu suna zagayen wurin suka ga ranarsu ta zo.

"Kilishina!" Dikko ya yi waje.

"Ku riƙe waya kar ta faɗi!" in ji muryar Kawu daga sama.

Liman ya ɗaga kai ya dubi tafin ƙafar da ke saman rawaninsa. "Malam Ɗan Asabe, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau, Allah gafarta Malam. Aiki ne ya yi aiki."

Mutum huɗu suka zaro shi. Ban yi niyyar dariya ba, kwana uku ke nan da binne Baba, amma ta zo ta wuce ta hancina. Na tabbata da yana nan shi zai fi kowa.

Da la'asar Inna ta sa aka kira shi ƙofar ɗaki.

"Ɗan Asabe, ka ba Lawal takardar nan."

"Yaya, saura ƙiris. Sanda ta so fitowa, Dikko ne bai iya kallo ba. Mafara rami ce. Gobe zan tafi bayan Bakura, akwai tudu."

"Ni dai 'yar Minna ta ji."

"In ba ta ji daga bakina ba, ki canza mini suna."

Tudun gaskiya ne. An ce wani lokaci sabis yakan ɗan tsallako daga wajen Sakkwato ya taɓa kansa. Dikko ya bi shi ranar Lahadi, ya ce zai nemi sa a gidajen Bakura tunda an rufe kasuwar shanu, amma ni na san so yake ya ga ƙarshen abin. Shi ya ba mu labari da suka dawo.

Ya ce sun tarar da tudun cike da mutane, kowa ya ɗaga waya sama, wasu sun ɗaure tasu a kan sanda, wasu sun hau kafaɗar 'yan'uwansu, kamar masu roƙon ruwa. Sai ga Kawu da waya a kai cikin kwando, ga mai jaki biye da batir. Ya shimfiɗa darduma, ya sa duwatsu huɗu ya ɗora allo ya yi tebur, don a cewarsa in ba bisa tebur take ba doka za ta ɗauke ta wayar yawo.

Jama'a suka bar neman sabis suka zagaye shi.

"Baba, ta asibiti ce?"

"Baba, tana kama Kaduna ko sai BBC?"

Kawu ya yi musu bayanin littafi biyu. Ya yi musu na ɓarawo da tebur. Yana cikin bayani sai wani malamin makaranta da ke can gefe ya yi ihu, wayarsa ta kama sanda ɗaya. Ya kira matarsa a Gusau bai samu ba, don can ma a rufe take, ya kira ƙanensa a Zariya, ta shiga. Da ya gama, mutumin kirki, ya ce ya ji ana zancen rasuwa, a kawo lamba a kira kafin ta gudu.

"Alhamdu lillahi," in ji Dikko. "Ɗan Asabe, kawo takarda."

Kawu ya dafe hula. "Wanga layi na wa ne?"

"Na Allah ne! Kawo!"

"Na Sakkwato ne. Tsallakowa ya yi ba izini. An rufe jiha, shi ya shigo ta katanga. In ɗauki layin sata in gaya wa ɗiyata mutuwar ubanta? Ni mai lasisi?"

"Don darajar mamaci, Ɗan Asabe."

"Don darajarsa na ƙi. Gobe a ce Injiniya ya zo da na'ura a kai ya ƙare da aron wayar ticca."

Dikko ya ce bai san lokacin da ya kai wa hular cafka ba. Kawu ya riƙe, shi ya riƙe. Dattawa biyu masu furfura suna kokawa da hula a kan tudu, jaki yana kuka, mutanen Bakura suna raba su suna dariya. Kafin a ƙwace takardar hadari ya taso daga gabas, sandar ticca ta ɓace, ruwa ya sauko. Kawu ya tuɓe babbar riga ya lulluɓe waya, shi ya dawo gida a jiƙe yana atishawa.

"Ban ƙara bin ka ko'ina," in ji Dikko a ƙofar gidanmu. "Ko Aljanna ka ce ka san hanya, sai na tambayi wani."

Ranar Litinin Kawu ya tafi shi kaɗai. Ya ce ya yi nazari: sabis kamar sauro yake, bakin ruwa yake taruwa. Ya nufi madatsar Bakolori ta wajen Maradun da sabuwar gora. Abin da ya faru can sai daga baya muka ji, a bakin wani mai noman albasa da ya gani da idonsa.

A irin wannan lokaci, da ake neman masu kai wa ɓarayi rahoto ido rufe, sai ga mutum a kan tudun madatsa da doguwar sanda mai murfi a ƙoli, yana juya ta wajen daji, ga batir, ga na'ura, yana cewa "Halo, halo." Ko minti goma bai yi ba jami'an tsaro suka kewaye shi.

"Baba, da wa kake magana?"

"Da Minna."

"Waye Minna? Yaransa nawa?"

"Gari ne, ɗana. Kuma ka sassauta murya, da ma'aikacin sadarwa kake magana." Ya zaro takarda mai hatimin zinariya.

Babbansu ya karɓa ya karanta. Ya sake karantawa. Ya kira na kusa da shi ya nuna masa.

"Baba, wannan takardar garanti ce. Ta ce in wayar ta lalace cikin wata goma sha biyu ka mayar musu. Watannin sun ƙare tun ina firamare."

"To a mayar mana."

"Wa za ka mayar wa? Kamfanin ya rufe da daɗewa. Turakunsu ma an kwance. Wannan ko an buɗe layi gobe, ba abin da za ta kama. Ba rufe ta aka yi ba, Baba, gidansu ne ya watse."

Suka zaunar da shi gindin bishiya har la'asar, suna kiran abokan aikinsu ɗaya bayan ɗaya su zo ya maimaita musu zancen ɓarawo da tebur. Daga ƙarshe suka riƙe gora da batir, suka ba shi wayarsa, suka ce in suka sake ganinsa kusa da ruwa ko da buta ce sai ya kwana a wurinsu.

Da a ce Kawu ya dawo ya faɗi gaskiya a ranar, da ba a yi asara ba. Lawal zai fita Talata da sassafe, ya kira, Adda ta kamo hanya ta iso. Amma ya shigo unguwa ya ga tabarmi cike, ya ga Dikko ya harɗe yana jiransa da murmushi. Sai ya gyara hula.

"An gama," ya ce.

"An gama mi?"

"Na yi magana da Zulaihat."

Ni har na miƙe tsaye.

"Murya tar, kamar tana cikin zauren ga. Na fara da mijin, yadda ake yi. Na tambayi ruwa, sun ce sun samu. Na tambayi yara. Na ce jikin Malam Tukur ya yi tsanani. Sannan na sauke maganar kamar ana sauke ƙwai. Ta yi kuka sau uku, na ba ta haƙuri sau uku. Laraba da hantsi tana nan."

"Ina batir?" in ji Dikko.

"Jami'an tsaro suka roƙa in ba su aro. Su ma irinta suke son haɗawa."

Na shiga na gaya wa Inna. Ta ce a ɗumama mata tuwo. Rabonta da cin abin kirki tun Alhamis. Ta sa aka share ɗakin Adda, aka shanya katifa, aka kunna turare.

Kafin azahar ɗin Talata labari ya gama gari: wayar Ɗan Asabe ta yi magana da Minna. Masu shayi sun ji, 'yan kabu-kabu na tasha sun ji. Mutane suka yi layi a ƙofar gidansa da takardu, mai ɗa a Legas, mai miji a Fatakwal. Kawu ya fito ya ce su yi haƙuri, hukuma ta ƙayyade masa kira ɗaya duk kwana uku, kuma shi ba ya karya doka. Har wata tsohuwa ta kawo masa ƙwai don ya sa ta a gaba.

Laraba ta zo da rana mai kyau, sama wankakke. Tun da safe unguwa ta cika, mutanen Garbadu, abokan noman Baba na Bakolori, mahautan kasuwa. Aka sauke karatu. Hantsi ya yi, ya wuce. Inna ta aiko sau biyu a tambayi Kawu ko 'yar Minna ta faɗi motar da za ta shiga. Liman ya ce a ɗan jinkirta addu'a, tunda babbar ɗiya tana hanya.

Kawu yana zaune, wayar tana gabansa bisa ɗan tebur, ya zo da ita don jama'a su gani. Gumi yana bin wuyansa.

"Ɗan Asabe," in ji Dikko da ƙarfi yadda kowa zai ji, "malamai na jira. Kira ta mana mu ji inda ta kai."

"Ƙa'ida ta ce kwana uku."

"Litinin, Talata, Laraba. Ga uku."

"Ba batir."

"Au, ba ta aiki ke nan?"

"Wa ya ce? Ta sha ta ƙoshi tun can. Irin wagga sai ta yi wata ba ta nemi ƙari ba."

"To bismilla."

Idanu suka yi masa yawa. Kawu ya ɗaga kan wayar, ya danna lambobi da yawa, fuskarta baƙi ƙirin ba ko ɗigon haske. Ya kafa a kunne, ya ɗaga yatsa a yi shiru.

"Halo! Salamu alaikum! Zulaihat? Kawunki ne, Injiniya. Lahiya lau. Ya hanya? Kuna ina yanzu? Funtuwa? Af, taya ce ta fashe? Subhanallahi." Ya rufe bakin wayar da hannu ya dubi jama'a. "Taya ce." Ya koma. "A'a, daina kuka, ɗiyata. Ai na gaya miki tun shekaranjiya, kowa da ranarsa. Kina ji na sosai ko? Awo, layin ga ba ya wasa."

Ni ina fuskantar bakin lungu, don haka ni na fara ganinta. Ɗan kabu-kabu ya sauke ta nesa kaɗan ya juya da sauri kamar mai laifi. Ta taho a ƙasa, jaka a hannu ɗaya, baƙar leda a ɗaya, mayafinta ya zame ba ta gyara ba. Tafiyar Baba take yi, ta ɗan karkata hagu.

Masu zaune suka fara buɗa mata hanya ɗaya bayan ɗaya. Ta zo ta tsaya daidai bayan Kawu.

"To ku sami wata motar mana," Kawu yana cewa. "In kin iso Gusau ki sake kira na. A'a, ba komai, ai aikina ne. Mi? Dikko? Shina nan, ya ji kunya."

"Kawu," in ji Adda.

"Na'am, ina ji, ƙara murya."

"Kawu, ba ni ita mu gaisa."

Ya waiwayo a hankali, wayar tana kunnensa. Ya dube ta. Ya dubi wayar. Ya sake dubanta.

Adda ta sunkuya ta karɓi kan wayar daga hannunsa, ta sa a kunne, ta saurara.

"Ta yi shiru," ta ce. "Ko kukan ne ya ci ƙarfinta."

Wani a baya ya tuntsire, ya mayar da ita tari. Liman ya sunkuyar da kai yana gyara carbi, kafaɗunsa suna rawa. Dikko ya cusa bakin rigarsa a baki.

Kawu ya yi ta maza. "Jama'a, kun dai gani da idonku. Ban ajiye waya ba ta iso. A nuna mini layin da ke..."

"Sati uku ban ji muryar kowa ba," in ji Adda. Ba ta ɗaga murya ba, amma har na ƙarshen tabarma ya ji. "Na ce bari in zo in duba su. Na sauka tasha ina murna. Ɗan kabu-kabu ya ɗauki jakata ya ce, Hajiya ya haƙuri, ashe kin iso, Allah ya jiƙan Malam Tukur. Na ce wane Malam Tukur? Ya ce ai ke kika yi kuka sau uku a wayar Ɗan Asabe."

Dariyar ta ɗauke kamar an rufe famfo.

Ta buɗe baƙar ledar. Takalman ruwa ne, sababbi, dogaye, irin na shiga fadama, an ɗaure su da zare ba a ko raba su ba. Ta ajiye su bisa ɗan teburin, kusa da wayar.

"Ya ce kaska da tsutsa sun dame shi a gona, in zan taho in riƙo masa. Tunda layinka ba inda ba ya kaiwa, Kawu, kira shi ka ce sun iso."

Tun da nake ban taɓa ganin Kawu Ɗan Asabe ya nemi magana ya rasa ba sai ranar. Ya cire hula ya riƙe da hannu biyu, ya miƙe tsaye a gabanta, ya yi gyaran murya. Da ya yi magana, wata ƙaramar murya ce ta fito, ba ta Injiniya ba.

"Zulaihat. Ya ruwa can wajenku?"

"Mun samu."

"Ya yara?"

"Suna lahiya."

"Jikin babanki ya yi tsanani." Ya murza hular. "Ranar Alhamis da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Sai haƙuri, ɗiyata."

Adda ta dube shi har sai da hawayen ya gangaro ya kai mata haɓa. Ta goge da bakin mayafi.

"Na ji, Kawu," ta ce. "Ɗan kabu-kabu ya riga ka."

Ta miƙo mini jakarta, muka shiga gida tare. A bayanmu liman ya ce a ɗaga hannu.